Daga jita-jita zuwa asalin doka: yadda ake bincike ta laburaren shari'a na kyauta

Duk lokacin da aka ce an yi sabuwar doka, ko Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci, tambayoyin da ke shigowa kusan iri ɗaya ne: a ina zan ga rubutun da idona, kuma ta yaya zan gane ba tsohon kwafi aka turo mini ba? Yawancin masu tambayar ba lauyoyi ba ne. Akwai ɗalibai masu rubuta furojet, da 'yan jarida, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da ma'aikacin da aka sallama yana son ya san matsayinsa kafin ya nufi ofishin lauya.

Hanyar da zan shimfiɗa ta faro ne daga Law Library of Congress, wato laburaren shari'a na Majalisar Dokokin Amurka da ke Washinton. An kafa shi a 1832, yana da littattafai kusan miliyan 3, kuma babu laburaren shari'a da ya kai shi girma a duniya. Abin da ya shafe mu shi ne ba dokokin Amurka kaɗai yake tarawa ba. Yana da ma'aikatan da aikinsu shi ne bin dokokin sauran ƙasashe, kuma abin da suke wallafawa a intanet kyauta ne, ba rajista, ba katin banki. Sai dai a sani tun yanzu, wannan laburare zaure ne, ba cikin gida ba. Asalin dokar yana hannun ƙasar da ta yi ta, kuma can ne tafiyar za ta ƙare.

Abin da za ka tanada

Waya ko kwamfuta, da data, da adireshin imel, da manhajar buɗe PDF wadda ke iya neman kalma a cikin takarda. Kada ka raina wannan ta ƙarshe, domin wasu dokokin sun haura shafi 400. Sai littafi da biro. Dokokin Najeriya da na Ghana da Turanci suke, na Nijar da Chadi kuwa galibi da Faransanci, don haka idan harshen ya yi maka nauyi, ka nemi wanda zai zauna da kai. Daga mataki na 1 zuwa na 9 ba abin da za ka kashe sai data. Kuɗi na shigowa ne a mataki na 10.

Mataki na 1: Daidaita tambayar kafin ka taɓa waya

Rubuta abu huɗu. Na farko, wace ƙasa ce, kuma idan Najeriya ce, tarayya ko jiha. Na biyu, sunan dokar yadda yake a hukumance. Idan ka rubuta "dokar mafi ƙarancin albashi" labaran jarida kawai za ka samu, sai ka rubuta National Minimum Wage Act kafin rubutun dokar ya fito. Jaridun Turanci na ranar da labarin ya ɓulla za su ba ka sunan. Na uku, shekara. Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa: abin nan da ake ta magana a kai, doka ce da aka rattaba wa hannu, ko ƙuduri ne da ke gaban majalisa, ko hukuncin kotu, ko kuwa sanarwar wata hukuma?

Gargaɗi: "Majalisar Dattawa ta amince" ba ya nufin an yi doka. Sai ƙuduri ya tsallake karatu uku a kowace majalisa, majalisun biyu sun daidaita a kan rubutu guda, sannan a kai wa shugaban ƙasa. Sashe na 58 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, kuma idan ya ƙi, sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun sake amincewa kafin ya zama doka. Da yawa daga cikin cece-ku-cen da ake yi a Facebook a kan ƙudurin da ko karatu na biyu bai wuce ba ake yin sa.

Mataki na 2: Duba Global Legal Monitor

Wannan shi ne sashen labarai na laburaren. Rubuta sunansa a Google tare da sunan ƙasar, ka tabbata adireshin da ya buɗe yana ƙarewa da loc.gov. Idan ka shiga, ka tace sakamakon da ƙasa, da shekara, ko da maudu'i.

Labaran gajeru ne, kuma amfaninsu ba a tsawonsu yake ba. Kowane labari yakan faɗi cikakken sunan dokar, da ranar da aka sa mata hannu ko aka yanke hukuncin, da sassan da suka fi muhimmanci, sannan a cikin rubutun akwai mahaɗan da ke kai mutum ga asalin takardar. Waɗannan mahaɗan su ne abin da ka zo nema. Kwafe sunan dokar da lambobin sassan a littafinka kafin ka danna komai. Wanda aikinsa ke bukatar bin labaran yau da kullum yana iya sa imel ɗinsa a riƙa aiko masa.

Gargaɗi: ba kowace doka suke rubutu a kanta ba, kuma ba tseren jarida suke yi ba. Rashin ganin labari a nan ba hujja ba ce cewa dokar babu ita, sai ka wuce mataki na gaba. Masu neman Nijar kuma su yi amfani da tacewar ƙasa, domin rubuta Niger kawai na iya kwaso labaran Neja Delta da na jihar Neja.

Mataki na 3: Bi Guide to Law Online zuwa gida

Laburaren ya tsara wa kowace ƙasa shafi guda da ya tattara inda ake samun kundin tsarin mulkinta, da dokokinta, da hukunce-hukuncen kotunanta. Rubuta Guide to Law Online tare da sunan ƙasar. Ma'aikatan laburare ne suka zaɓi mahaɗan da ke ciki, ba injin bincike ba, shi ya sa ya fi shiga Google kai tsaye aminci.

Ga Najeriya, wuraren da za ka fi komawa su ne shafin Majalisar Tarayya, da na cibiyar PLAC da ke Abuja wadda ta ɗora tarin dokokin tarayya tare da bin sawun ƙudurori, da NigeriaLII mai ɗora dokoki da hukunce-hukuncen kotu kyauta, sai Gazettes.Africa domin gazet, wato jaridar da gwamnati ke buga dokoki a cikinta. Ghana na da irinsa, GhaLII. A Nijar sunan gazet ɗin Journal Officiel, kuma ga ɗan kasuwa akwai abin lura: dokokin kamfani da na kasuwanci a Nijar, Chadi da Kamaru na ƙungiyar OHADA ne mai ƙasashe 17, don haka a can ake neman su. Najeriya da Ghana ba sa ciki.

Idan mahaɗi ya mutu, abin da ke yawan faruwa da shafukan gwamnati, ka sa cikakken sunan dokar tsakanin alamun zance a Google, ka ƙara filetype:pdf a ƙarshe.

Mataki na 4: Duba kai da gindin takardar

Ka samu PDF, to kada ka faɗa tsakiya tukuna. Duba layin farko. Idan ya fara da "A Bill for an Act", ƙuduri ne, kuma sau da yawa za ka ga lamba mai HB idan daga Majalisar Wakilai ya fito, ko SB idan daga ta Dattawa. Doka kuwa da "An Act to" take farawa. Sai ka gangara ƙarshe. A kwafin da ya cika za ka ga jadawali mai shaidar Akawun Majalisar Tarayya, da wurin da shugaban ƙasa ya sa hannu, da kwanan wata. A gazet, shafukan dokokin majalisa da harafin A suke farawa, na ƙa'idojin da ministoci da hukumomi ke fitarwa kuma da B.

Daga nan sai ka nemi sassa uku kafin wanda ya kawo ka: sashen da ke fassara kalmomi, sashen da ya lissafa dokokin da aka soke, da ranar fara aiki. Na farkon yakan zo dab da ƙarshe, kuma shi ke faɗa maka wane ne "ma'aikaci" ko "yaro" a idon wannan dokar, wanda ba lallai ya dace da yadda muke faɗa a baki ba.

Gargaɗi: ranar sa hannu daban, ranar fara aiki daban. Dokar haraji ta Nigeria Tax Act an sa mata hannu a watan Yunin 2025, amma an ajiye fara aikinta zuwa 1 ga Janairun 2026. Haka kuma kada ka dogara da fassarar inji a kan sashen da maganarka ta rataya a kansa. Inda doka ta ce "shall" wajibi take nufi a galibi, inda ta ce "may" zaɓi ta bayar, kuma fassarar inji na iya haɗe su wuri guda.

Mataki na 5: Tabbatar ba a yi mata gyaran fuska ba

A nan ne mutane suka fi faɗawa rami, har da masu ilimi, don haka zan ɗan tsaya.

Tarin dokokin tarayya da aka fi samu a intanet shi ne wanda ake kira LFN 2004. An jera dokokin a cikinsa babi-babi, misali dokar ƙwadago tana Cap. L1, dokar filaye ta 1978 tana Cap. L5. Yana da kyan tsari, yana da kwarjini, amma hoto ne na yadda dokoki suke fiye da shekara ashirin da suka wuce. Dokar kamfanoni da ke cikinsa an soke ta, CAMA ta 2020 ta maye gurbinta. Wanda ya karanta tsohuwar zai rantse cewa sai mutum biyu ake buɗe kamfani, alhali sabuwar ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani mai zaman kansa. Dokar shaida da ke ciki ita ma an maye gurbinta a 2011, aka kuma yi wa sabuwar gyara a 2023.

Kundin tsarin mulki kansa bai tsira ba. Kwafi da yawa da ke yawo har yanzu suna cewa a sashe na 131 sai mai shekara 40 zai nemi shugabancin ƙasa. Tun 31 ga Mayun 2018 aka mayar da shi 35, aka kuma rage na Majalisar Wakilai da majalisun jiha daga 30 zuwa 25. A Maris na 2023 an sake wasu gyare-gyaren, ciki har da bai wa jihohi hurumi a harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa. Mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne a dokar 2019, gyaran 2024 ya kai shi 70,000. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda ake yawan kama mutane da shi kan rubutun soshiyal midiya, an sauya lafazinsa a 2024. Duk wanda zai yi magana a kansa yau da rubutun 2015 ya yi ɓatan kai.

Yadda ake dubawa: rubuta sunan dokar ka ƙara kalmar amendment, ka duba. Sake rubutawa da repeal, ka duba. Sannan ka gwada da shekaru biyu ko uku na baya-bayan nan. Idan ka samu dokar gyara, ka sani ba ta maimaita dokar gaba ɗaya, cewa kawai take a cire kaza a sashe kaza a sa kaza. Dole ka buɗe takardun biyu gefe da gefe, ka rubuta sabon lafazin da hannunka.

Ga Nijar abin ya fi haka: an dakatar da kundin tsarin mulkin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma dokokin da suka biyo baya da sunan ordonnance suke fitowa. Duk bayanin da aka rubuta kafin wannan rana sai an sake tantance shi.

Mataki na 6: Dokar ta shafi jiharka?

Majalisar Tarayya ta yi doka ba ya nufin tana aiki a Katsina ko Bauchi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 da dokar hana cin zarafin mutane (VAPP) ta 2015 a Abuja suke aiki kai tsaye, kowace jiha sai majalisarta ta yi tata, kuma jihohi kan sauya wasu sassan. Wanda ke Kano abin da zai nema shi ne dokar jihar Kano, ba ta tarayya ba. A ɓangaren laifuka kuma, Arewa da Penal Code take aiki, Kudu da Criminal Code, sannan tun daga shekarar 2000 jihohi da dama na Arewa suna da kundin laifuka na Shari'ar Musulunci.

Dokokin jiha su ne suka fi wuyar samu a intanet. Sau da yawa sai an taka zuwa ma'aikatar shari'a ta jihar, ko majalisar dokoki, ko maɗaba'ar gwamnati.

Mataki na 7: Idan hukuncin kotu kake nema

Kana bukatar ɗaya daga cikin biyu: sunayen masu shari'ar, ko lambar ƙarar. Lambar da ta fara da SC ta Kotun Ƙoli ce, CA ta Kotun Ɗaukaka Ƙara, FHC ta Babbar Kotun Tarayya. Hukuncin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi na 11 ga Yulin 2024, alal misali, lambarsa SC/CV/343/2024.

Za ka kuma riƙa cin karo da rubutu irin wannan: Amaechi v. INEC (2008) 5 NWLR (Pt. 1080) 227. Ba wani sirri a ciki. NWLR jerin littattafan hukunce-hukunce ne da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985. Lamba 5 juzu'i ne na shekarar, 1080 lambar fitowa, 227 shafin da hukuncin ya fara. Shekarar da ke jiki ba lallai ta zama ranar yanke hukunci ba: a wannan shari'ar kotu ta bayyana matsayarta a Oktoban 2007, ta kawo dalilanta a Janairun 2008. Idan ka ga LPELR, na kamfanin LawPavilion ne. Shi da NWLR na intanet duk sai da kuɗin rajista, don haka ka fara da NigeriaLII, in ba ka samu ba ka nemi alfarmar wani lauya ko laburaren sashen shari'a na jami'a.

Wajen karatu, ka nemi jagoran hukunci, wato wanda sauran alƙalai suka ce sun yarda da shi. A Kotun Ƙoli alƙalai biyar ke zama, bakwai idan batun fassara tsarin mulki ne, kuma wani na iya saɓa wa sauran. Ra'ayin wanda ya saɓa yakan yi daɗin karantawa, shi ya sa ake yanko shi a watsa, amma ba shi ne hukuncin ba. Haka ma shafukan farko, inda alƙali ke maimaita hujjojin lauyoyin ɓangarorin biyu. Umarnin kotu yana can ƙarshe.

Gargaɗi: ka bincika ko an ɗaukaka ƙara, domin hukuncin babbar kotu na iya rushewa a sama. Kuma duk shari'ar da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ba ka, kada ka ambace ta sai ka buɗe ta da kanka. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro.

Mataki na 8: Rahotannin kwatanta ƙasashe

Wannan na ɗalibai ne da 'yan jarida. Laburaren na wallafa rahotannin da ke ɗaukar batu guda su nuna yadda ƙasashe daban-daban suka yi masa doka, kuma bayanan ƙasan shafi su ne dukiyar da ke ciki. Duba kwanan watan rahoto kafin komai. Rahotonsu kan kuɗin kirifto ya fito a 2018, aka sabunta shi a Nuwamban 2021, lokacin da haramcin da Babban Bankin Najeriya ya ɗora wa bankuna a Fabrairun shekarar ke aiki. A Disamban 2023 bankin ya janye haramcin, don haka bayanin rahoton kan Najeriya ya tsufa.

Mataki na 9: Tambayi ma'aikacin laburare

Idan ka bi duk wannan abu ya ci tura, akwai Ask a Librarian a shafin laburaren. Fom ne za ka cike da Turanci, amsa ta zo ta imel bayan 'yan kwanakin aiki, kuma ba sai kana Amurka ba.

Yadda ka yi tambaya shi ke yanke irin amsar da za ka samu. Faɗi ƙasar, da sunan dokar, da shekarar, da wuraren da ka riga ka duba, sannan ka tambayi inda za ka samu rubutun ko gyare-gyarensa. Tambaya ɗaya a saƙo ɗaya.

Gargaɗi: ba sa ba da shawarar lauya, ba sa fassara maka abin da doka ke nufi a kan matsalarka, kuma ba za su rubuta maka furojet ba. "Maigidan haya ya ba ni wata ɗaya, me zan yi?" ba tambayarsu ba ce. "A ina zan samu dokar haya ta jiha kaza?" ita ce tasu. Kada kuma ka tura takardun shari'arka ko bayanan sirri.

Mazauna Amurka suna iya zuwa da kansu. Ɗakin karatun yana ginin Madison, kuma duk mai shekara 16 zuwa sama yana karɓar katin shiga kyauta da katin shaida mai hoto.

Mataki na 10: Kwafin da hukuma za ta karɓa

Abin da ka sauke daga intanet ya isa ka fahimta, ya isa ka rubuta labari ko furojet. Idan kuwa hukunci ko wata takardar hukuma za ka gabatar a gaban kotu, kwafi mai hatimi ake nema, wanda ma'aikatan kotu ke kira CTC. Sashe na 104 na dokar shaida ta 2011 ya faɗi siffarsa: a biya kuɗin da aka ƙayyade, jami'in da takardar ke hannunsa ya rubuta shaidar cewa kwafin gaskiya ne, da kwanan wata, da sunansa, da muƙaminsa, da hatimi inda ake amfani da shi. In ɗaya ya ɓace, lauyan ɗaya ɓangaren zai nemi a yi watsi da takardar.

Rubuta takardar nema zuwa ga rajistaran kotun da ta yanke hukuncin, ka sa lambar ƙara, da sunayen ɓangarorin, da ranar hukunci. Za a ƙiyasta kuɗin, yawanci gwargwadon yawan shafuka, kuma ya bambanta daga kotu zuwa kotu. Ka biya ta hanyar hukuma, ka riƙe rasit, ka duba kowane shafi kafin ka bar wurin. Idan takardar tana hannun wata hukumar tarayya ce, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta, don haka ka sa a buga maka hatimin karɓa a kwafinka domin ranar ta fara ƙirguwa.

Wanda binciken ya nuna masa yana da magana amma ba shi da kuɗin lauya, ya nufi ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya, na jiharsa, ɗauke da sunan dokar, da lambar sashen, da dokar gyara in akwai, da duk takardun da suka shafi maganar.